Wanda Ake Jira

Ƙarfe uku na dare a Recife,
teku na minshari a bayan layinmu.
Mu uku ne a gidan burodin Dona Zuleide,
na huɗunmu rediyon da fulawa ta toshe wa hanci.

Waƙar nan ce dai da ta ishi gari,
ta motocin haya, ta shagunan aski:
"Na bar fitila a kunne, ƙofa ba sakata,
an yi mini alkawari, ina nan tsaye."
Mawaƙin bai kama sunan kowa ba.
Nan gardama ta samu wurin zama.

Valdemir ya maka kwaɓi a kan tebur.
"Mace ce," in ji shi.
"Wa ke ƙona wuta har asuba in ba don mace ba?
Tun da Jucélia ta kwashe kayanta a watan Maris
kuɗin lantarkina ya ninka,
ni na san abin da mutumin nan ke faɗi."

Dona Zuleide ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji,
fulawa ta bar mata farin tabo a duka biyun.
"Yaro man kaza. Kasa kunne ga baiti na biyu:
'Ban taɓa ganin fuskar ba, amma na san ƙarar isowar.'
Wace mace ce ba a ga fuskarta ba?
Da Ubangiji yake magana.
Shekara arba'in ina durƙuso a coci,
ba na ɓata addu'a ko ta sa rigar rawa."

"To giyar da ke baiti na uku fa?
Da canjin da ya jiƙe a tafin hannunsa?"

"Wa ya gaya maka Ubangiji ba ya bi ta ƙofar mashaya?"

Ni dai ina shafa mai a faranti, ban tanka ba.
Damina huɗu ke nan da ƙanena Edvaldo
ya tura kwalekwale da sassafe.
An tsinci hularsa. Hular kaɗai.
Har yau uwarmu ba ta kashe fitilar baranda,
kuma in waƙar ta taso
sai ta ce gishiri ya ƙare, ta shige kicin.

Wajen huɗu da rabi suka maimaita hirar jiya.
Ga mawaƙin da kansa, yana dariya, yana tari:
wai a tasha ya rubuta ta, a bayan takardar magani,
yana jiran bas ɗin ƙarshe.
Kamfani ya yi alkawarin sha biyun dare.
Bai san fuskar direban ba, ƙarar injin ya sani.
Bas bai zo ba. Da ƙafa ya koma gida.

Valdemir ya yi dariya har da riƙe ciki,
sai kuma dariyar ta yanke masa a tsakiya,
ya tsaya yana kallon hannuwansa.

Dona Zuleide ba ta ko juyo ba.
Ta buɗe tanda, zafi ya mare mu,
ta jawo faranti na farko.
"Tulu bai san ɗanɗanon ruwan da ya ɗauko ba," ta ce.
"Ya ɗauka bas yake jira.
Ai kowa haka yake ɗauka."

Ta yaga burodi guda gida uku,
ta ba shi, ta ba ni, ta hura nata.
Ban san wa ya ci gardamar ba.
Na san dai ya ƙona mini harshe, na kuma cinye.

Biyar ta yi. Aikina ne buɗe shago.
Na kunna fitilar waje, na zare sakata,
titi ba kowa, sai warin gishiri da wata mage.
Can daga kwanar kantin magani
na ji taku yana tahowa, a hankali,
na tsaya riƙe da ƙofar.