Wankin Adaka a Aboabo

Lahadi da hantsi Agya Buwaci ya tako har Aboabo,
adakarsa a naɗe cikin tsohon buhun masara,
jikansa na biye, riƙe da lema.
Jiya Asabar, ranar makokin mutanensu,
sun sallami wani dattijon Bantama da albarushi
har karnukan unguwa suka ƙi cin abinci.

"Azumi 'yar Bawa, wanke mata baki."
Shekara talatin yana kawo wa babana ita,
yanzu ni yake kawo wa,
da Hausarsa ta 'yan goron Kejetiya.

Babana bai bar mini gida ba.
Maƙera mai yoyo ya bari, da butar ƙarfe,
da sandar ɗuri mai tsaga ɗaya da ya yi da wuƙa,
da gargaɗi:
ba a leƙa bakin bindiga,
sanda ake aikawa ta tambayo.

Na aika sanda.
Ta tsaya a hanya, tsagar na sama da yatsu huɗu.
Na sake aika ta, ba ta canja magana ba.
Ɗuri biyu ne kwance, wani bisa wani.
Tsoho ya ɗura, kuka da ganguna suka ɗauke hankalinsa,
ya manta, ya ƙara.
Allah ya sa ƙanƙarar ta ƙi ba da wuta,
da yanzu hannun nan da ke murza geron gemu
ana nemansa a saman kwanon mutane.

Na ce wa yaron, ungo, je bakin titi
ka sayo mana koko da ƙosai,
kada ka karɓi na ƙasan kasko.

Ruwan sanyi na fara ba ta, don albarushin ya mutu.
Na zura ƙugiya, na murɗa, na jawo:
dunƙulen tsumma ɗaya.
Na koma: na biyu.
Na ajiye su a ƙasa, ban ce komai ba.

Sai wanka.
Ƙayar lemo a ƙaramar kafar wuta,
tafasasshen ruwa ta baki,
tafin hannu ya toshe, a girgiza, a juye.
Na farko ya fito kamar kwatar bayan kasuwa,
yana warin ruɓaɓɓen ƙwai,
har akuyar maƙwabta ta yi atishawa.
Na biyu toka-toka.
Na biyar ne ya fara kama da ruwa.

A garin nan ƙarfe ba ya kwana da dattin albarushi.
Iskar Kumasi jiƙaƙƙiya ce ko da rana ta take,
kafin kiran assalatu tsatsa ta kafa bukka,
kafin wata ta haƙa rijiya.

Na yagi gefen tsohuwar rigar babana,
na naɗa a kan sanda.
Shiga, fita. Shiga, fita.
Ƙyalle bakwai ta cinye kafin na takwas ya dawo fari.
Na jingina ta kusa da garwashi ta sha ɗumi,
sannan man kaɗanya, kaɗan,
kamar yadda ake shafa wa jinjiri bayan wanka.

Duk wannan tsoho na kan benci.
Ba ni yake kallo ba,
dunƙulen nan biyu yake kallo.
Ya taɓa ɗaya da bakin takalmi,
ya taɓa ɗayan.
Ya ce, "Nawa?"
Na ce, kamar kullum.
Ya ƙirga, ya ɗora sidi goma a kai,
ban tambayi na mene ne ba.

Da yaron ya dawo, ƙosai ya huce.
Agya ya miƙa masa buhun da hannu biyu,
ya yi masa wata magana da yarensu,
gajera, ban tsinci ko kalma ba.
Shi kuma ya karɓi lemar.
Na bi su da ido har suka sha kwanar masallaci,
yaron na tafiya a karkace, nauyi ya rinjaye shi.

Na share ƙasa, na wanke hannu da toka da sabulun salo.
Baƙin ƙarƙashin farce ba ya jin sabulu,
sai wajen Laraba yake fita.