Abin da Ganye Ya Faɗa wa Lorna

Shekara uku ke nan kogin Darlin yana janyewa
kamar dasashin tsoho,
ya bar mana taɓo mai tsaguwa
da ƙayar kifi a gaɓar Wilkaniya.
Na sayar da tumaki ɗari huɗu.
Itatuwan turaren bayan gidana ba su sayar da komai ba,
ko dai haka na zata.

Lorna takan fito tun kafin asuba,
fitila a goshi, almakashi a hannu,
ta yanki ganye, ta jefa cikin sanyin nan mai ƙuna,
ta rubuta lamba a jikin kwalba.
Na ce, 'yata, me ganye zai faɗa miki
wanda rijiyata ba ta faɗa ba?

Ta ce, Baba, saiwa ce ke fara sani.
Da ta lasa ƙasa ta ji ba laima
sai ta tashi ɗan aike, wani sinadari,
ya bi jijiya har ƙarshen reshe:
a rufe ƙofa.
Dubban ƙananan bakunan da ke jikin ganye
su yi gum, kada numfashi ya fice da ruwa.
Amma bakin da ya rufu ba ya cin abinci.
Yunwa itacen ya zaɓa, don ya tsere wa ƙishi.

Can ciki kuma yana tara sukari,
yana kaurara ruwan jikinsa,
domin ruwa na bin inda zaƙi ya taru.
In zafin rana ya haifi dafi a cikin ganye
shi ke dafa makarinsa da kansa.
In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa
sai ya kwashe abin da ke cikin tsofaffin ganye
kafin ya sake su.

Ban ce komai ba.
Na tuna ranar da aka loda tumakin,
yadda na tsaya bakin shinge ina ware tamanin da zan riƙe.

Ta koma Adeled ranar Talata
da akwatinta mai hayaƙin sanyi.
Ta ce akwai tohon da ke barci ƙarƙashin ɓawo,
yana iya jira.

Jiya na tsinci ganye ɗaya, na murza.
Ƙamshin ya kama yatsuna har dare.
Kafin in kwanta na sake zagayawa
na ƙara matse famfon tanki.