Layi Biyu

Alƙalin Swansea ya raba mana ke, Mabli,
yadda ake raba burodi da wuƙa:
Litinin zuwa Alhamis na uwarki,
yammacin Juma'a zuwa Lahadi nawa.
Na manna takardar a ƙofar firij,
kwanakina da shuɗin biro, nata da ja,
ina ƙirga su kamar mai bin bashi.

Takardar ba ta san da tari ba.

Asabar da safe kika ture ƙwai,
kika ce lemon yau ruwa ne kawai.
Na zura miki auduga a hanci,
kika yi atishawa, kika harare ni.
Minti goma sha biyar,
ɗan farin robar nan ya fito da layi biyu.
Na ɗaga shi ga hasken taga
ko ɗaya zai ji kunya ya koma.

Na kira Nerys.
Shekara biyu ke nan muna magana ta bakin lauya.
Ta ce, ga ni nan zuwa in ɗauke ta.
Na ce, babanki fa,
da huhunsa guda, kwance a ɗakin ƙasa?
Shiru ya yi tsawo har na jiyo agogon kicin ɗinta,
agogon da ni na buga wa ƙusa.
Ta ce, to. Kwana goma.

Ba zan ɓoye miki ba, tunda wata rana za ki karanta:
wani abu ya daka tsalle a ƙirjina.
Kwana goma cur!
Abin da lauya ya ci kuɗina bai samo ba,
ƙwayar cuta ta kawo mini har gida, kyauta.

Dare na uku zazzaɓi ya ƙwace murnar.
Kina kiran Mama cikin barci,
ina tsaye da jiƙaƙƙen tawul kamar baƙo,
ban san wane magani ke sa ki amai ba,
ban san ta inda ake fara lallashinki ba.

Gari na wayewa sai ga ta bayan gilashi,
ruwan sama na bin wuyan rigarta.
Ta ajiye leda a bakin ƙofa:
romon kaza, zomonki mai kunne ɗaya,
da 'yar takarda: rabin cokali, bayan abinci.
Kika ɗora tafi a taga, ta ɗora nata,
numfashinku ya lulluɓe fuskokinku.

Daga ranar, ƙarfe shida ba ta wuce ta.
Ta ramin wasiƙu ta koya mini kitso,
durƙushe a kan siminti mai sanyi:
kasa shi uku, Gethin, uku,
kuma kar ka ja.
Na tufka wani abu mai kama da igiyar jirgin ruwa.
Kuka fashe da dariya, ciki da waje,
maƙwabci har ya leƙo.

Rana ta bakwai haƙorinki na gaba ya fita
a cikin tuffa.
Na farko ke nan, kuma a hannuna.
Na juya shi, na juya shi,
sannan na sa a ambulan, na tura ta ramin.
Ba ta buɗe ba sai da ta shiga mota.
Motar ta daɗe ba ta tashi ba.

Ranar goma ta cika, kika fita a guje ba takalmi.
Na bi ku da jaka, da jan biro,
na ce, Juma'a biyu masu zuwa naki ne, in biya.
Ta saɓa ki a kafaɗa, ta dube ni,
ta ce, wa ya ce maka bashi ne?

Gidan ya koma girmansa.
Ban wanke tagar ba har yau.
Tafin uwarki ruwa ya tafi da shi tuntuni,
naki yana nan ta ciki, ƙarami,
yana jiran Juma'a.