Kamu Na Uku

Shekara talatin ina ɗaure jirage a tashar Valparaíso,
igiya mai kaurin cinya ba ta taɓa sa ni ƙara ba.
Yau ga tsirkiya shida, sirara kamar gashin doki,
sun sa ni hura yatsu
kamar yaron da ya taɓa tukunya.
Ashe kantar da ke tafin hannu
ba ta san hanyar kan yatsa ba.

Jitar ta ƙanena ce, Fermín.
Ya tafi ya bar ta bayan kabad,
da ƙura, da tsagewa ɗaya a ƙugu.

Waƙar kamu uku ce kacal.
Na farko ya zama abokina,
na biyu muna gaisawa,
na ukun nan kuwa, ɗan banza,
kafin in jera masa yatsu
ayari ya yi nisa.

A ɗaki ni kaɗai, ai gwani ne ni.
In na ɓata sai in tsaya, in tsaki, in koma farko,
bango ba ya gaggawa,
kyanwa ma ta daina fita.

Amma ran Laraba sai in hau matakala ɗari da sittin
zuwa bayan gidan burodin Zunilda,
inda gari ke sauka a kafaɗa,
tanda na huci ta cikin bango.
Baldomero na zaune kan akwatinsa yana dukan sa,
Griselda ta rufe ido tana jan murya,
ni kuma ina ƙirga: ɗaya, biyu, uku,
leɓena na motsi kamar mai lissafin bashi.

Sau huɗu na tsaya. Sau huɗu suka tsaya.
A na biyar Zunilda ta ajiye akodiyan,
ta goge hannu a gaban rigarta:
“Evaristo, jirgi na jiran mai igiya?
In hagu ta ɓata, kar dama ta sani.
Ci gaba da kaɗawa, ko iska ce.
Za mu zagayo mu same ka.”

Muka sake.
Ga shi nan tafe, na ukun,
na kai masa cafka, na sami rabinsa,
tsirkiya ɗaya ta yi kukan ƙyaure.
Ban tsaya ba.
Dama na sauka, tana hawa, babu komai a cikinta,
kunnena ya bar yatsuna
ya tafi wajen ƙafar Baldomero,
sai ga kamun farko ya dawo da kansa
kamar kwale-kwale ya taɓa gaɓa.

Ba wanda ya dube ni.
Wannan ne yabon.

Na sauko da dare, burodin jiya a hammata,
fitilun tasha na rawa a ƙasa,
yatsu uku na zogi cikin aljihu,
suna ta jeruwa a kan makulli.