Karatun Ƙarƙashin Mota

Ran Litinin, la'asar sakaliya,
Haladu ya shigo Ƙofar Ruwa da Fijonsa tana ɗingishi,
salansa ɗaure da igiyar guga,
fitila guda ta kanne ido.
Ya miƙo makulli yana dariya.
Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.

Ni karatuna ke nan.
Wani jarida, wani littafi,
ni cikin mota nake bi, baƙi bayan baƙi.

Ga jar ƙasa ta daskare a jikin sifirin,
ta bayan Tudun Wada ce, na san ta,
inda kwalta ke yin sallama
burji ya karɓi baƙo babu ko ruwan sha.
Ga baƙar laka a kanta, mai warin fadama:
sun keta rafi, ruwa ya lashi ƙofa.
Ga lotsawa a tankin mai, faɗin tafin hannuna.
Na ce, "Wane dutse ne ya gaishe ku haka?"
Ya ce, "Na gangaren Riruwai. Ban gan shi ba,
kwari nake kallo."

Ji mutum! Kwari yake kallo.

Ya tsuguna kusa da ƙafafuna yana zuba,
ni ina kwance ƙusa, baƙin mai na ɗiga mini a gemu.
Wai sun hau tsauni da giya ɗaya,
injin yana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta,
a can sama ya kashe shi,
shiru ya faɗo musu a ka.
Ƙasa can, masara ta yi sahu-sahu,
shanu kamar an watsa farin wake a tabarma,
hadari na tafe ƙasa da inda suke tsaye.
Wai a wata ƙorama taya ta nutse har wuya,
maza bakwai suka yar da fartanya suka kama bamba,
wata tsohuwa ta kawo dafaffiyar gyaɗa a faifai,
ya zaro kuɗi, ta ce ya mai da aljihu,
hanya ce ta kawo shi, ba ciniki ba.

Na ce, "Sagiru, miƙo sha uku."
Yaron ya saki baki, sufana na hannunsa.

A haƙarƙarin lagireto na tarar da saura:
fiffiken malam-buɗe-littafi, rawaya,
ƙarangiya uku,
gashin zabo,
ganyen kaɗanya da zafi ya gasa.
Ina da gwangwanin madara a bayan akwatin kaya,
nan nake tara irinsu.
Ba wanda ya sani.
Shekara talatin da ɗaya nake aika motoci
inda ban taɓa sa ƙafa ba.
Dutsen da na hau a duniya Dala ne,
shi ma sau ɗaya, ina saurayi,
na hango rufin kwano har ƙarshen gani
na sauko ina haki.

Da magariba ta kawo jiki na tashe ta.
Na zaga da ita ta gindin Goron Dutse, gwaji,
'yan adaidaita na yi mini ham ta ko'ina.
Na taka rami da gangan.
Ta amsa lafiya.
Amma sitiyari na ja hagu kaɗan-kaɗan,
kamar ta tuna wata kwana da ba ta cikin gari.

Haladu ya ƙirga kuɗina, ya ƙara ɗari biyar.
Ya ce, "Asabar ta sama za mu koma,
akwai wani kwazazzabo da ruwa ya hana mu.
Kujerar gaba babu kowa, Barau."
Na ce, "Wa zai tsare gareji?"
Ya ce, "Gareji gudu zai yi?"
Na ce masa ni ba yaro ba ne.

Bayan isha'i, Tasalla ta same ni a zaure
ina cusa fambel da sha biyu da sha uku a jaka,
da tocila, da tsohuwar rigar ruwa.
Ta ce, "Ina zuwa?"
Na ce, "Babu. Gyara nake."
Ta daɗe tana dubana,
sannan ta koma ciki ta ɗora gyaɗa a wuta.