Ranar da Shinkafa Ba Ta Iso Ba

Asabar ɗin ƙarshen wata, gidanmu na Rafindaɗi,
an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya.
Tun mako biyu muka yi karo-karo,
aka ba mai girkin biki kwangila:
soyayyar shinkafa, kowa da cinyar kaza
a 'yar robarsa mai murfi.

La'asar ta yi, shiru.
La'asar sakaliya waya ta yi ƙara:
motar ta mutu a Ƙofar Guga,
bakanike ya tafi neman wani ƙarfe.

Yaya Tasi'u na gabas da tabarma,
Yaya Mamuda na yamma.
Wata bakwai ba su gaisa ba
kan wani fili a hanyar Jibiya
da ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.
Ga gaba, ga yunwa,
kowa ya ɗaure fuska kamar an kawo masa sammaci.

Sai Gwaggo Barira ta dafa bango ta miƙe,
gwiwoyinta na ƙas-ƙas.
"Wai mi ake jira?
Gidan da ke da wake a taska?
Kai Sagiru, ruga wajen Ladiyo, amso mani ungurnu."
Ni da gemuna, ni da 'ya'ya uku,
na ruga.

Garin wake mudu, alabo rabinsa,
kuka cikin tafin hannu, ba ruwanta da cokali.
Ta tsiyaya ruwan kanwa,
ta kwaɓa har ƙullin ya yi danƙo ya riƙe yatsa.
Tukunyar da aka yi girkin sunana da ita
ta hau murhu, baƙa ƙirin, ba ta tsufa ba.
Gutsura, saki. Gutsura, saki.
Su nutse su yi lamo a ƙasa,
can su taso ɗai-ɗai, ba don suna so ba,
kamar yaran da aka tasa sallar asuba.

Kumfa ta kawo kai za ta zube,
Huraira ta tare ta da ludayi.
Albasa ta faɗa man gyaɗa ta yi ƙara,
ƙamshi ya tsallake katanga,
muka ji maƙwabci ya yi gyaran murya.

Tire ɗaya ta juye wa maza,
tsohon nan da ya lotsa a gefe.
"Ba ni da kwanon raba ku.
Mai azumin gaba ya koma zaure."
Ba wanda ya koma.
Aka karya tsinke, aka matso,
gwiwa na gugar gwiwa.

Yajin Gwaggo ba ya sallama.
Shi ya shaƙe Mamuda,
tari, hawaye, hula ta faɗi.
Hannun da ya miƙa masa moɗa
na Tasi'u ne,
ya riga ya miƙa kafin ya tuna yana fushi.

Saura guda ɗaya a tsakiyar tire,
yana ƙyalli cikin mai.
Wannan ya tura wa wancan,
wancan ya turo wa wannan,
sai 'yar Nusaiba ta kutso ta ƙarƙashin hammata
ta cafe, ta gudu tana taunawa.
Ban san wa ya fara dariya ba.

Ba a yi maganar fili ba.
Yana nan, har yau ba a raba shi ba.
Amma na ga sun fita masallaci
inuwarsu na haɗuwa a bango.

Bayan isha'i shinkafa ta iso,
roba arba'in, sanyi ƙalau.
Yara suka bi layi da ita gida-gida.
Gwaggo kuwa barci ya ɗauke ta kan sallaya,
carbi a hannu,
ƙulli ya bushe a gefen farcenta.