Hawan Riruwai

A Auyo na koyi keke,
ƙasa shimfiɗe kamar faifai.
Ka taka sau uku, ka saki ƙafa,
hanya ta kai ka har bakin fadama.
Ban taɓa sanin keke na da nauyi ba.

Sai ga takardar canjin wurin aiki:
ɗakin shan magani, Riruwai.
Na ɗaure Ralina a saman mota
tare da katifa da tukwanen Tasalla.
Direba ya ce, Malam, can fa duwatsu ne.
Ban tanka masa ba.

Fitar farko, bayan sallar asuba,
hawan da ke bayan firamare
ya karɓi cika-bakina, ya ba ni canjin haki.
Ƙirji na dukan uku-uku kamar ana sussuka,
iska ga sanyi ga daɗi, amma ba ta ƙosar da huhu,
ka ja, ka ja, kamar mai tsotson rake busasshe.
Na sauka na tura.
Wata tsohuwa da itace a ka
ta wuce ni, ta ce sannu,
ko waiwaye ba ta yi ba.

Haladu mai faci ne ya ɗora mini karatu:
"Dutse ba ya son gaggawa, lallaɓa shi ake.
In an yi ruwa rage iskar taya,
ka shayar da sarƙa mai, jar lakar nan cin ƙarfe take.
Kada ka hau da cikin tuwo,
kada kuma ka hau da cikin wofi."
Na biya kuɗin faci,
na karatun bai karɓa ba.

Bazara ta zo. Nan ma rana ba ta da dangi.
Ƙarfe tara ta yi, sirdi ya zama tanda.
Gora biyu nake ratayawa,
ɗaya ruwa, ɗaya jiƙon tsamiya da ɗan gishiri.
Gumi ya bushe ya bar farin zane a bayan riga,
Tasalla ta ɗaga ta ce, ga taswirar wahalar banza,
mutum da babur ɗinsa a zaure!
Ban iya yi mata bayani ba.

Ruwa kan riga sauka nan
tun Auyo na kallon sama.
Hadari ba ya sallama, ta bayan dutse yake leƙowa.
Ran wata Laraba cikin marka
ya tsare ni a kan gangara,
na matse birki, birki ya ce ba da shi ba,
ni da Rali muka yi masauki a gonar masara.
Mai gona ya sheƙo a guje,
ya ƙirga karan da suka karye, bakwai,
sannan ya ce, ba ka dai ji ciwo ba?

Kaka ce amaryar mahayi.
Laka ta daskare, sama ta washe,
ƙanshin sabuwar masara a kowane lanƙwasa,
ƙafa na juyawa ba ta neman izini.

Da na je gida hutun ƙarshen shekara
samarin Auyo suka ce a gwada.
Na bar su tun kafin gadar farko,
huhun dutse a ƙasar kwari.
Amma iskar fili ta tare ni gaba da gaba,
babu tsaunin da zan raɓa in ɓuya,
hawa ne wanda ido bai gani,
kuma ba shi da gangarar da za ta biya ka.
Nan na ji kewar abin da ban zaci zan yi kewa ba.

Jiya na sake bin bayan firamare,
a hankali, ina ƙirga numfashi.
Ga tsohuwar nan, ga itacenta.
Na wuce ta, na ce sannu, Iya.
Ta tsaya, ta gyara gammo, ta dube ni,
ta ce, yau dai ba ka tura ba.